Kindirmona Ya Ƙi Kamawa a Bromakote

Assalamu alaikum Inna,

Yaya ƙafarki? Yaya Baba da su Baraka? Mu nan unguwar Bromakote a Abidjan lafiya lau, kada ki damu.

Sai dai kindirmona ya ƙi kamawa. Ruwa bai tsagaita ba, ɗakin duk danshi. Nakan dama madarar gari, in zuba iri, in naɗe tukunyar da bargon da kika ba ni. Da maigidan ya fita kasuwa sai in yi ta kai-komo, ina buɗewa ina leƙawa, ɗumin yana fita. Na san kin hana.

Inna, yaya kike yi ki rufe ki kama aikinki? Ni tun da na zo garin nan zama ya gagare ni.

Ki sa mana albarka.

'Yarki,
Iklima