Ɗakin Arewa

Oatlands, 3 ga Yuni

Zuwa ga 'yata Bronwyn,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya Darwin da zafinta, yaya mai gidan naki? Ni dai da sauƙi, tarin ya tafi, sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Saƙonki ya iso. Na buɗe kwali na ga wata 'yar aba kamar sabulu, wai ita ce za ta riƙa gaya wa hita mai ɗumama gida lokacin kamawa da lokacin tsayawa a hunturun nan. Kwana biyu ina jujjuya ta. Ba waya a jikinta, ba abin murɗawa, amma ta san ranar Talata ce. Wa ya gaya mata? Maƙwabcina Merv ya haɗa ta da hita da intanet ɗin da kika sa mini, ni kuma na karanta takardarta tas, na kafa ta daidai inda aka ce. Tsohuwar na'urar murɗa hitar tana nan a lungun bayan ƙofa inda marigayiya uwarki ta sa aka maƙala ta. An cire mata waya, amma na kasa kwance ta tukuna.

Sai dai wani abu ya ɗaure mini kai. Da sassafe gida ɗumi. Da hantsi kuwa sai hita ta yi tsit, in zauna a kicin da kwat biyu har la'asar. Ba ƙorafi nake yi ba, dalili nake so in sani.

Kada ki kira, kin san kunnena da waya. Rubuto kawai.

Mahaifinki,
Lindsay

Darwin, 11 ga Yuni

Baba,

Ina gaisuwa, da fatan ƙirjin ya ƙara sauƙi. Wasiƙarka ta tayar mini da hankali, ba zan ɓoye maka ba.

Na'urar nan tana turo mini zafin gidanka a wayata kowace sa'a. Ranar da ka rubuto, da tsakar rana, digiri ashirin da bakwai ta nuna. Ya fi ofishina zafi, Baba. Kai kuma ka ce kana cikin kwat biyu.

Ka tuna alkawarinmu a asibiti bayan ciwon huhun nan: in gida ya tsaya a digiri ashirin, ka zauna abinka, in bai tsaya ba, ka tattaro ka dawo wurinmu. Yanzu gida ya yi ɗumi kai kana jin sanyi, wannan kuma ya fi ba ni tsoro. Baffa Keith haka ya fara, yana yawo da kwat a tsakiyar zafin Janairu, kafin ya daina gane mu. Na karɓar maka ranar ganin likitan ƙwaƙwalwa a Hobart, goma ga Yuli. Don Allah kada ka yi fushi.

'Yarka,
Bron

Oatlands, 19 ga Yuni

Bronwyn,

Na gaishe ki. Fushi kam na yi, har na manta shayi a kan murhu, abin da ba sai kin gaya wa likitan naki ba.

Wato 'yar sabulun nan gulmata take kai miki. To madalla. Ni shekara hamsin ina kiwon tumaki, in na ce da sanyi to da sanyi. Merv ya zo jiya ya zauna a kicin, ya ce, "Tsoho, firij ka koma da zama?" Shi ma a kai shi Hobart ɗin?

Amma ban ce ƙarya take yi ba, abin da ya hana ni sakat ke nan. Ga wani abu kuma: ranar Alhamis gida ya yi ɗumi tun safe har yamma, haka ma Lahadi. Na ɗauka ko ranakun ta zaɓa, na bi tsarinta ɗaya bayan ɗaya, duk iri ɗaya ne. Ki kwafe mini lambobin tsakar rana na mako biyu ki aiko, a takarda. Kin san littafin da nake rubuta ruwan sama da yanayin gari kullum tun kafin a haife ki, wanda kuke yi wa dariya. Zan ajiye su gefe da gefe in gani.

Mahaifinki, mai cikakken hankali,
Lindsay

Darwin, 25 ga Yuni

Baba,

Gaisuwa. Ga lambobin nan a haɗe. Na duba su ni ma: kwana tara sun haura ashirin da biyar, kwana biyar sun tsaya a ashirin daidai. Ban ga abin da ya raba su ba. In ka gano ka faɗa mini, don yanzu ni ma abin ya fara cina. Ranar likita dai tana nan.

Bron

Oatlands, 2 ga Yuli

'Yata Bron,

Gaisuwa da fatan kina zaune, don dariya za ki yi wa ubanki.

Kwana biyar ɗin nan naki, duk ranakun hadari ne a littafina. Taran kuma rana ce tarwai. Sai na ɗauki kujera na zauna gaban na'urar tun safe ina kallonta. Ƙarfe goma da rabi rana ta shigo ta taga ta hau bango, ta zauna daram a kanta. Ina kallo lamba ta fara hawa, na ji hita ta tsaya.

Na koma ga takardar. Ta ce a kafa ta a ɗakin da ke arewacin gida, inda rana ba ta shiga. Na juya bayanta, can ƙasa da ƙananan haruffa, ashe a Kanada aka buga ta. Su can ranarsu ta kudu take bi, mu kuwa a nan kudancin duniya ta arewa take bi. Ni da na yi shekara hamsin ina kafa rumfar 'yan raguna tana fuskantar arewa don su sha rana, na ga rubutu a takarda na bi shi ido rufe. Na kai ta ɗakin da uwarki take zama ta yi saƙa saboda ɗuminsa. Wauta ce, na yarda, amma ba irin ta Keith ba ce.

Da na rasa inda zan mayar da ita, sai na je lungun bayan ƙofa. Shekara arba'in ina yi wa uwarki tsiya a kan wurin nan, ina cewa wa ke ɓoye abin murɗa hita inda sai an laluba. Jiya na kwance tsohuwar. A jikin bango, a bayanta, akwai rubutu da fensir, hannunta ne: "Nan ne wurinta, Lindsay. Rana ba ta zuwa nan. Kada ka matsar."

Na daɗe a tsaye a lungun nan da sukudireba a hannu. Na yi kewarta ƙwarai, Bron. Daga baya na maƙala sabuwar a gefe kaɗan, don kada ta rufe rubutun.

Yau rana ce tarwai, kuma kwat ɗaya ma na cire. Duba wayarki.

Mahaifinki,
Lindsay

Darwin, 8 ga Yuli

Baba,

Ina gaisuwa. Kwana shida ke nan tana kan ashirin, ba ta motsa ba. Na soke Hobart.

Kada ka yi wa bangon nan fenti. Ina tafe a watan Agusta, ka ajiye mini kwat ɗin da ka cire.

'Yarka,
Bron