Kujerar Nyuk Yin Ranar Jajibere

Nikeri, 8 ga Janairu, 1986

Ɗana Ten Soi,

Ina gaishe ka, ina gaida matarka da jikokina. Ni lafiya lau, gwiwa ce kawai ke damuna. Maƙwabciyata Sukinem ke rubuta min wannan, ita ta karanta min taka. Ban ba ƙanwarka Nyuk Yin ba, don ban so ta ga abin da wanta ya rubuta a kanta.

Wai ka ce tunda aurenta ya mutu ta dawo gida, in kai ta wani wuri ta yi kwana biyu, kada ta zauna cin jajiberen sabuwar shekararmu ta mutanen Sin da mu. Wai 'yar da aka aurar ruwa ce da aka watsar, in ta ci jajibere a gidan iyayenta arzikin wanta take kwashewa. Ni za ka koya wa al'ada? Kai da aka haifa a bayan kanti nan Nikeri, tsinken cin abinci ma sai da ka shekara tara ka iya riƙewa?

To saurara. A ƙauyenmu can ƙasar Sin ina da yaya, Kiu Moi. Ina shekara goma sha biyu dangin mijinta suka koro ta, wai ba ta haihuwa. Ta iso ranar jajibere da ƙunshin kaya, ƙafa duk ta tsattsage. Babanmu ya tare ƙofa, jar takardar fatan alheri ma ba ta gama bushewa a bango ba, ya ce ta dawo rana ta biyu ga sabuwar shekara, ranar da 'ya'ya mata ke zuwa. Ta ce, "Baba, ina zan je?" Ya ce, "Ba ni na tsara ba." A rumfar itace ta zauna. Mu kuwa muka ci kaza sukutum, muka ci awara mai cushen nama, wadda ita ta koya min yi. Na ɓoye guda biyu a hannun riga, romo na bin hannuna har gwiwa. Da na kai mata ta gutsura, ta ce, "Ke ɓera, gishirinki ya yi yawa." Rana ta biyu aka buɗe mata ƙofa, ba ta nan. Har na hau jirgin ruwa na zo ƙasar nan, ba wanda ya sake jin ɗuriyarta. Arzikin da aka tsare wa yayyena maza kuwa, fari ya cinye shi bayan shekara biyu.

Nyuk Yin za ta zauna a damana. Ka zo da yara.

Uwarka

Paramaribo, 17 ga Janairu

A-Me, uwata mai daraja,

Bayan gaisuwa da ladabi da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Labarin yayarki ya taɓa ni, ban taɓa jin sa ba.

Amma A-Me, ba ƙin ƙanwata nake yi ba. Ban daɗe da buɗe sabon kanti ba, kaya sun yi wuya a gari, surukina kuma ya riga ya ta da maganar a gaban dattawan ƙungiyarmu ta mutanen Sin. Ga shi a lissafinmu na Sin shekarar Damisa ce ke shigowa, shekararki ce tunda a irinta aka haife ki, ke kika koya mana mutum ya yi taka-tsantsan a shekararsa. Kwana biyu ne kacal, zan kama mata ɗaki mai kyau.

In kin ƙi, ba zan iya kawo iyalina ba. Kuma tunda ni ne ɗa namiji, sai in aiko a ɗauko hoton marigayi Baba, in kunna masa turare a nan.

Ki gafarce ni. Ɗanki mai biyayya,
Ten Soi

Nikeri, 27 ga Janairu

Ten Soi,

Gaisuwa. Sukinem ta ce in sassauta harshe, na ce ta rubuta yadda na faɗa.

Na yi kwana uku ina juya maganarka, na ga ka yi gaskiya. Al'ada al'ada ce. 'Yar da aka aurar ba ta cin jajibere a gidan iyayenta. To shi ke nan.

Ranar Talata na sa jar rigata ta kore tsautsayi, tunda ka ce in yi taka-tsantsan, na hau bayan babur ɗin Sukinem, muka je wurin mai rubuta takardun gidaje. Ka san da sunana ubanka ya sayi gidan nan. Mutumin ya tambaye ni har sau uku, "Kaka, kin gane abin da kike yi kuwa?" Na ce, "Ɗan nan, karatu ne ban yi ba, hankali ina da shi tun ba a haifi ubanka ba." Na dangwala yatsa.

Yanzu gida na Nyuk Yin ne, da kanti, da kaji, har bishiyar mangwaron da ka faɗo daga kanta ka karye. Ba ta gidan iyayenta. Ni ce ke zaune gidan 'yata. Je ka tambayi surukinka ko akwai al'adar da ta hana mace cin abinci a gidanta.

Da na faɗa mata ta yi ta kuka, wai wanta zai tsane ta. Na ce ta share fuska ta je ta jiƙa shinkafar waina, aiki na jiranmu.

Hoton ubanka yana rataye a bangon gidan mutane, sai ka nemi izinin mai gida. Ka ji tsoro za ta kwashe maka arziki. Ita ko cokali ba ta ɗauka ba, wasiƙarka ce ta miƙa mata.

A gaida yara. Jajayen ambulan ɗinsu na kuɗin barka da shekara na nan na ajiye.

Uwarka

Paramaribo, 3 ga Fabrairu

Ƙanwata Nyuk Yin,

Ina gaishe ki. Na kai maganar gaban dattawa. Babbansu ya ce shi dai ba zai ja da Damisa a shekararta ba.

Mu biyar ne. In kin yarda, za mu biyo motar safe ranar Asabar, ranar jajibere. In ba ki yarda ba, ba zan ga laifinki ba.

Wanki,
Ten Soi