Allurar Mura da Cikin da Ban Faɗa Ba

Daren Talata, Jibiya

Yau shugaban asibitinmu na bakin boda ya ce gobe dole a yi wa kowane ma'aikaci allurar rigakafin mura. "Wanda ya ƙi, shi zamna gida, sai fa in likita ya ba shi uzuri."

Cikina wata biyu, ko Inna ban faɗa wa ba. Ina ni ina zancen ciki gaban namiji sa'an babana? Na san allurar ba ta cutar da mai ciki, ni da bakina nake lallashin matan Maraɗi su yarda da rigakafi. Amma tun ɓarin da na yi bara, ko farasitamol tsoro yake ba ni.

Na dafa marata. Ya Allah, wannan dai ka bar mani shi.