Kwalba Ta Bakwai

Litinin, 6 ga Mayu

Ban gaya wa kowa ba: ruwan da ke cikin kwalba ta bakwai na famfo ne.

Aikina a masana'anta wanke kwalabe da jera su. Baba ne ke gasa tsofaffin tayoyi a rufaffen tanki, a samu mai da baƙin gawayi. Wani gawayin ana sa shi a tukunyar da ake mai da tsohon man suya ya zama man inji. Sauran kuma Anti Injiniya ke zubawa a ruwan da ake kawowa daga marina, ta ga ko zai tsotse dafin rinin. Kwalba takwas, kowacce da nata gawayin. Ranar Juma'a ta bakwai ta suɓuce mini, ta tsiyaye tas. Na duba babu kowa. Na cika ta a famfo, na barbaɗa ɗan gawayi, na mayar layi.

Laraba, 8 ga Mayu

Wayyo ni.

Anti ta fito daga ɗakin gwaji tana ɗaga kwalbar, wai ba ta taɓa ganin ruwa ya washe haka ba. Ashe gawayin Baba ne, wanda ya bari ya daɗe a wuta har Manaja ya yi masa faɗa a gaban mutane. Manajan da kullum "Tawada" yake kiransa saboda baƙin hannunsa, yau cewa ya yi, "Malam, zo ka zauna." Baba bai san inda zai sa hannuwansa ba, ya ɓoye su a baya.

Ni ina bakin famfo ina ta wanke kwalbar da na riga na wanke.

Alhamis, 9 ga Mayu

Baba ya ba Inna labarin sau uku. Ta ce to Malam Farfesa, a dai wanke hannu kafin a taɓa mata kwano. Har Yaya ya yi dariya. Na ce cikina ke ciwo.

Asabar, 11 ga Mayu

Anti ta ce sai an maimaita gwajin, amma maganin awonta ya ƙare, sai wata mai zuwa. Manaja ya ce wane irin jira kuma, ai ido ya gani. Ya yi magana da masu marina da tsohon da ke da lambu a bayan katanga: daga Laraba za a riƙa tace ruwan rini da gawayin Baba a sakar masa a lambu. Tsohon har da addu'a, don rijiyarsa ta ja baya.

A wajensa Inna ke sayen alayyafo. Duk layinmu ma.

Lahadi, 12 ga Mayu

Na tsaya gaban madubi na gwada faɗin gaskiyar. Ko ni ban ji muryata ba.

Litinin, 13 ga Mayu

A hanya Baba ya ce, "Mamana, shekara tara ina wajen nan, sai yanzu wani ya tambaye ni yadda nake yi." Na kalli silifas ɗina. Watakila ma gawayin nasa yana da kyau da gaske. Ni na hana a sani.

Talata, 14 ga Mayu

An ja bututu har bakin lambu.

Da za a tashi na tsaya a ƙofar Anti har ta ɗago. Na ce ina da magana gobe, kafin a buɗe ruwa, kuma kada a buɗe sai na yi. Ta ce ƙarfe bakwai.

Baba ya ba ni farar rigarsa in goge masa, wai za a ɗauki hoto. Na goge ta sosai, har wuyan. Na roƙe shi mu fita da wuri, mu bi ta doguwar hanya. Shi zai fara ji.