Da Kun Ce Gilashi Ne, Da Ban Taɓa Ba

Zuwa ga Babban Manajan kamfanin da ya binne waya a gefen hanyarmu,

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka baki ɗaya. Ya aiki, ya ruwa? Allah ya sa mu ga ƙarshen damina lafiya.

Sunana Iro, ana ce mini Iro Magini, daga wani ƙauye a ƙasar Gazara, ƙaramar hukumar Maƙarfi. Ban yi boko ba. Maƙwabcina Malam Yakubu, tsohon malamin firamare, shi ke riƙe da biro, ni nake faɗa. Ya so ya tausasa mini magana, na ce ya rubuta yadda ta fito. Sau biyu ina zuwa Zariya neman ofishinka, ana nuna mini ƙofar da ba ita ba, shi ya sa na ce a buga wannan inda kowa zai gani, kai ma ka gani.

Na farko. Rani biyu da suka wuce mutanenka suka zo suna haƙa rami a bakin hanya, har suka biyo ta gefen fadamar da nake noman rake. Na sare musu rake, suka sha. Na tambayi mai farar hular da ke ba su umarni abin da za su binne, ya ce waya ce, Baba. To ni na san waya. Da ita nake ɗaure shinge, da ita nake ɗaure azara. Ka lanƙwasa ta, ta lanƙwasu, ka miƙe ta, ta miƙe. Na gaya masa wurin nan hanyar ruwa ce, kuma raminsu bai kai gwiwata ba. Ya yi dariya, ya ce sun auna da na'ura. Suka kafa ɗan turken siminti da rubutun Turanci suka tafi. A ƙauyenmu shanu sun fi masu karanta Turanci bi ta wurin.

Na biyu. Bana ruwa ya cinye gaɓar kamar yadda na faɗa. Abinku ya fito fili, tsawon taku biyar, yana reto a kan kwari, bututun da aka zura shi ciki ya tsage saboda kofaton shanu. Na gaya wa dagaci, ya ce zai aika. Kwana tara ba wanda ya zo.

Ranka ya daɗe, tun ina saurayi sana'ata yaɓe. Ina jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, in haɗa da jar ƙasa da dafara, wata saiwa mai danƙo, in yi wa katanga riga yadda ruwa zai sauka a kanta ya wuce. Akwai soraye a Gazara da Dandamisa da na yaɓe kafin a haifi mai farar hular nan, har yau suna tsaye. Mutum irina ba ya iya wuce abu tsirara a cikin ruwa ya kau da kai. Na jiƙa makuba kwana uku. Na haƙa wa wayarku sabon makwanci a inda ƙasa ke da ƙarfi. Akwai dutse a tsakani, sai na sa dagi na banƙare ta, na karya kwana da ita ta bayan dutsen, na kwantar, na yaɓe. Ban ji ƙarar komai ba. Na koma gida ina jin na yi aikin lada.

Na uku. Washegari da hantsi ina wurin ina shafe yaɓen da tafin hannu, sai ga motar masu gadinku. Suka ga dagi, suka ga fartanya. Ba wanda ya tambaye ni ko ya kwana. Wai ni ne ɓarawon da ya katse wa garuruwa magana, wai jan ƙarfen ciki nake son in kai wa 'yan gwangwan. Suka tasa ni gaba da laka a hannu har ƙofar dagaci, masu tafiya kasuwa suna tsayawa kallo. Suka rubuta sunana da na mahaifina a takardarsu. Dagaci ya tsaya mini aka sake ni, amma takardar ta tafi da su.

Shekara ashirin da 'yan kai makullin ɗakin ajiyar masallacinmu yana aljihuna, inda ake sa batir da lasifika da wayoyinsu. Bayan sati ɗaya ladan ya zo ya zauna, ya yi ta gaisuwa, sannan ya ce an ga na tsufa, a rage mini nauyi. Na ciro na miƙa masa. Yanzu in na wuce majalisar mai shayi sai in ji ana cewa a ɓoye caja, ga Baba Injiniya nan.

Na huɗu. Kwana biyu bayan kamun, kun turo masu gyara. Shugabarsu mace ce, Injiniya Saratu, 'yar kudancin Kaduna, Hausarta tas. Na je na tsaya nesa, don in ga jan ƙarfen da aka ce na zo sata. Ta hango ni, ta taso ta gaishe ni da ladabi, ta tambaya ko ni ne mai yaɓen. Na ce ni ne, in kamu ne an riga ta. Ta yi dariya, ta ce sun sha wuya kafin su fasa shi, ta ce in matso.

Ta yanke wayar a gabana. Wallahi babu jan ƙarfe ko na ƙwayar gero. Wasu 'yan zare ne a ciki, shuɗi da kore da ruwan goro da wasu launuka, kowanne kamar gashin wutsiyar doki. Ta ce gilashi ne. Na ce 'yar nan, na haifi kamarki, kada ki yi mini wasa. Sai ta ɗauki guda ta naɗe shi a yatsana, bai karye ba. Ta sa wani ɗan almakashi ta zare masa riga, ta goge, ta ɗora mini a tafin hannu. Sai da na karkata shi ga rana na gan shi. Ta ce in lanƙwasa. Ina taɓawa ya ɓalle. Abu ɗaya ne, Ranka ya daɗe, da riga ya zagaye yatsa, babu riga ko taɓawa ba ya jurewa.

Ta ce a inda ake yin sa, ana narka sandar gilashi a saman wani gini mai tsawo, ana jawo zaren ƙasa kamar yadda mazarƙwaila ke yin zare in ta kusa nuna. Kafin ƙura ta sauka a kai, kafin hannu ya taɓa, zaren ya ratsa cikin ruwan rigar, wani haske ya busar da ita nan take. Kuma riga biyu ce, ta ciki mai taushi don ta rungumi gilashin, ta waje mai tauri don ta tare duka. Da ta faɗi haka sai da na zauna a ƙasa. Haka nake yaɓe. Shafin farko da laushi don ya kama jikin katanga, na biyu da ƙarfi don ya tari ruwa. Abin da na yi shekara hamsin ina yi da tafin hannu a jikin soro, wani bawan Allah ya yi shi a jikin abin da ido da ƙyar yake gani.

Ba ta tsaya nan ba. Ta haska jar wuta a bakin zare ɗaya, zaren yana naɗe a ƙasa kamar igiyar guga, sai ga wutar ta fito ta ɗaya bakin, ta bi duk naɗin ba ta ɓata ba. Ta ce haka muryar mutum ke tafiya a ciki, ta zama haske. Wato duk ranar da 'yata da ke aure a Ikara ta kira ni, wataƙila ta gefen rakena gaisuwarta ke wucewa, ina tsaye a kai ban sani ba. Sannan ta sa karyayyun bakunan zare biyu a wani ɗan akwati, wuta ta yi ƙyas, suka zama ɗaya. Na ce tsarki ya tabbata ga wanda ya ba ɗan Adam wannan.

Ta nuna mini inda na karya kwana da dagi, ta ce nan 'yan zaren suka ɓalle, don rigar ma tana da iyakar abin da za ta ɗauka. Ban musa ba, kuma ba zan musa ba. Ni na karya. Amma mutuminka waya ya ce mini. Wa ya taɓa jin an binne gilashi a hanyar shanu? Da ya ce gilashi ne, ni da nake ɗaukar kwalbar fitila da hannu biyu, da ko inuwar dagi ba ta kai wurin ba.

Na biyar. Na tambaye ta wa ya haɗa wannan riga. Ta ce mutane ne da yawa, a ƙasashe daban-daban, wani ya gano haɗin, wani ya gano yadda za a shafa, wani yadda za a busar. Kuma kowanne hukuma ta ba shi takardar shaida da sunansa, cewa shi ya fara, ba mai yin irin nasa sai da izininsa har wasu shekaru. Wannan ya yi mini daɗi ƙwarai. Ni haɗin makubata magina da yawa sun kwaikwaya, ban hana kowa ba, ban kuma nemi takarda ba. Amma ka duba: su an rubuta sunansu saboda sun yi wa gilashin nan riga, ni an rubuta nawa a takardar ɓarayi saboda na yi masa tawa.

Injiniya ta ba ni guntun zaren, yana cikin kwalin ashana. Na nuna a majalisa, suka ce zaren kamun kifi ne. Maganata ba ta ishe su ba yanzu, sai taku.

Don haka ga roƙona. A soke sunana da na mahaifina daga waccan takarda, a aiko wa dagaci shaidar an soke. A turo mutum, in da hali ita Injiniya Saratu, ranar Juma'a bayan an sauko, a yanke guntun wayar a ƙofar masallaci kowa ya leƙa, a faɗa da Hausa cewa babu abin sata a ciki, kuma Iro kuskure ya yi, ba sata ba. A rubuta a jikin turakunku, da Hausa da ajami, cewa gilashi ne a ƙasa. A kuma ƙara wa ramin zurfi, don ruwan baɗi ma nan zai bi.

Ba na neman ko sisi. Makullin ma in sun ga dama su riƙe. Ina so dai ranar da za a ɗauke ni, masu ɗaukar su san wanda suka ɗauka.

Allah ya ƙara maka girma, ya kare ka daga zargin abin da ba ka yi ba. Mutanen da suka yi wa gilashin nan riga, masu rai da waɗanda suka riga mu, ban san addininsu ba, ban san harshensu ba, amma in kana da hanyar isar musu da saƙo, ka ce wani tsohon magini a ƙasar Maƙarfi ya ga aikinsu, ya ce hannunsu ya fi nasa.

Wassalam.

Naka,
Iro Magini,
ƙasar Gazara.