Makin Ajin Malam Isyaku

Talata, 10 ga Mayu, 1977

Ƙarfe goma da minti ashirin, ɗakin malamai, a gaban mutum tara. Na rubuta lokacin ne don kada wata rana zuciyata ta rage ko ta ƙara.

Mako uku na yi ina haɗa wa ɗalibaina bayani a kan yadda Turawa ke amfani da used to: shafi shida, ƙa'ida huɗu, misali talatin da biyu. A makarantar nan Sabo mai tafireta ba ya gurza takarda sai shugaban sashe ya sa hannu, shi ya sa na kai wa Malam Isyaku, shugaban sashen Turanci. Da a'a kawai ya ce, da na haƙura. Sai ya gyara tabarau, ya miƙe tsaye, ya shiga karantawa da ƙarfi. Ya tsaya a misali na bakwai, inda wani ke cewa a da yakan yi zamiya a kan tafkin da ya daskare.

"Malam Digiri, wane tafkin ne ke daskarewa, na Darki ko na Lajawa? Faɗa min in je in gani kafin in mutu."

Har Firinsifal, da ya leƙo neman alli, sai da ya yi dariya. Malam Isyaku ya miƙo min takardun da yatsa biyu. Bai sa hannu ba.

Misalin daga littafin nahawun da muka yi a jami'a na ɗauko shi, shafi na 214. Daidai yake. Amma sai na naɗe takarduna na koma aji.

Laraba, 11 ga Mayu

Na gaishe shi kamar kullum. Ya amsa kamar ba a yi komai ba. Wannan ya fi jiya ciwo.

Juma'a, 20 ga Mayu

Allah ya kawo hanya. A taron malamai Firinsifal ya ce ma'aikatar ilimi ta matsa a riƙa ba masu digiri manyan azuzuwa, shi kuma ba ya son a ce ya zalunci kowa. Don haka jarrabawar ƙarshen shekara ce za ta raba: Malam Isyaku na da aji huɗu A, ni ina da huɗu B. Wanda ajinsa ya fi maki a Turanci, shi zai riƙe aji biyar a Satumba.

Shekara goma sha ɗaya Malam Isyaku na riƙe da aji biyar. Na duba a kundin ofis. Da shi yake taƙama a gari, har a majalisar ƙofar masallaci "Malam na aji biyar" ake ce masa.

Zan karɓe shi. In ya zo neman alli a ajin, zan miƙa masa da yatsa biyu.

Kasuwa ta cika yau, motocin shanu da na siminti sun toshe gada, sai tura Vespa na yi har gida. Ban ma ji gajiya ba.

Litinin, 30 ga Mayu

Tun da an hana ni gurzawa, na rubuta shafi shidan a allo, yara sun kwafa. Darasi biyar ya ci. Used to don abin da aka saba yi a da aka daina. Am used to don abin da jiki ya riga ya saba da shi. A tambaya da korewa, d ɗin ƙarshe ya faɗi. Na sa sun haddace. Mutum talatin da takwas cikin arba'in sun kawo hadda ba tuntuɓe.

Alhamis, 9 ga Yuni

Malam Isyaku kuwa, abin da yake kira darasi! Ya kwashe aji ya kai gindin darbejiya, sahu biyu suna fuskantar juna. Wannan sahu ya jefa tambaya, wancan ya amsa, a tafa sau biyu, a juya. Kamar 'yan gaɗa. Daga tagar ajina nake jiyo su: uban wane a da jaki yake hawa, yanzu Honda. Uban wane a da gyaɗa yake nomawa, yanzu lebura ne a kamfanin hanya. Sai shewa. Yarana duk wuyansu ya karkata taga, sai da na buga tebur.

Shi kansa yau a ɗakin malamai ya ce "I use to pray there every Friday", yana nufin har yanzu. Kuskure ne. Ƙarfe sha ɗaya saura kwata, Ya'u malamin lissafi shaida ne. Ya'u ya ce, "To ka gaya masa mana." Na ce a'a. Yuli na zuwa.

Litinin, 20 ga Yuni

Ni aka ba tsara tambayoyin jarrabawa, Malam Isyaku ya duba. Kashi na farko ƙa'ida, maki arba'in. Kashi na biyu yaro ya ƙirƙiro jimloli nasa, maki sittin. A takardar rabon maki na rubuta da hannuna cewa a kashi na biyu ginin jimla ake dubawa, ba a rage maki don kuskuren harafi. Saboda yarana na sa, na san rubutunsu.

Ya karanta, ya sa hannu nan take. "Madalla, ɗana." Ɗana!

Talata, 28 ga Yuni

An yi jarrabawa.

Al'adar makarantar: malami ba ya duba ajinsa. A naɗe kan takarda inda suna yake, a manne, a yi musaya. Nasa talatin da tara suna hannuna, nawa arba'in suna nasa. Na ƙirga a gaban Sabo sau biyu.

Asabar, 2 ga Yuli

Tun hantsi nake zaune a ƙofar ɗaki da jan biro, ana yayyafi.

Kashi na farko yaransa sun sha ƙasa, kamar yadda na zata. Rabinsu ba su iya faɗin ƙa'ida ko ɗaya ba. Na ji daɗi har na tashi na dafa shayi.

Kashi na biyu ne.

Rubutu kamar tsakuwa, haruffa a birkice, wani ma groundnut ya rubuta ta hanya uku a shafi ɗaya. Amma ginin jimlar daidai. Takarda bayan takarda, daidai. Har tambaya, har korewa, inda na san nawa ke tuntuɓe. Wani ya rubuta cewa a da babarsa ce ke tashinsa da asuba, yanzu ya saba da tashi shi kaɗai. Ya sa used to a farko, am used to a ƙarshe, kowanne a mazauninsa. Na nemi abin ja na rasa.

Na ce ko A ɗin zaɓaɓɓu ne. Na hau Vespa na je gidan Sabo. Ya ce tun aji ɗaya da lambar rajista aka raba su, mara da cika, ba ruwan ƙoƙari. Ya ƙara da, "Lafiya dai, Malam Halliru? Ko shayin ne ya yi yawa?"

Lahadi, 3 ga Yuli

Na yi lissafi iri biyu a takarda daban.

In na bi takardar rabon maki: matsakaicin ajinsa 63.
In na cire rabin maki a kowane kuskuren harafi: 52.

Nawa, a ƙiyasina, za su tsaya tsakanin 55 da 58.

Ya'u ya zo da la'asar, na nuna masa. Ya yi dariya har da buga cinya. "Kai wane irin mutum ne? Malamin Turanci ya cire maki don harafi, wa zai ce masa don me? Firinsifal jimla kawai yake kallo. Tsohon nan ya yanka ka a gaban mutane, kai kana auna wuƙa da ma'auni."

Na ce ai akwai takardar rabon maki. Ya ce, "Wa ke karanta ta? Kai da ka rubuta ne kaɗai."

Gaskiya ya faɗa. Malam Isyaku bai taɓa neman ganin takardun ajinsa bayan an duba ba, na tambayi Sabo.

Na ɗauki takarda ta farko, na zana ja a ƙarƙashin haruffa bakwai, na rubuta uku da rabi a gefe. Na yi ta biyu. A ta uku na ajiye biron.

Litinin, 4 ga Yuli

Na miƙa 63.

Ba tausayi ba ne, kada in yaudari kaina. Ba na tausayinsa ko kaɗan. Abin da ya hana ni shi ne zan san lambar ƙarya ce, kuma ni ne zan zauna da ita a aji biyar shekara guda. Takardu biyun da na taɓa na soke ragin, na sa hannu da kwanan wata a gefe.

Wataƙila ma nawa su kai 64. Hadda talatin da takwas ba wasa ba ce.

Alhamis, 7 ga Yuli

55.

Da na cire, da na ci da maki uku.

Firinsifal ya karanta a taro, ya ce aji biyar na nan inda yake. Aka yi wa Malam Isyaku barka. Ya'u ya ƙi kallona.

Da aka watse Malam Isyaku ya kawo min takardun ajina da kansa, ɗaure da zare. Ya ce, "Yaranka sun san dokar hanya kaf, ɗana, sai dai ba su taɓa hawa keken ba." Na ce na gode, Malam. Me zan ce?

Na warware na duba ɗaya bayan ɗaya, ko ya danne su. Kashi na farko kusan duk sun cinye. Kashi na biyu ja ko'ina, kuma kowane ja a kan gaskiya. Wuri biyu na samu ya yi kuskuren tarawa, duka biyun ƙari ya yi musu. Ainihin makin 54.8 ne. Ko wannan bai bar min ba.

Ban yafe ba. Ina so a san ban yafe ba. Akwai baɗi.

Talata, 12 ga Yuli

Saura kwana uku a yi hutu, ba abin koyarwa, yara sai hamma. Don kada su yi barci ne kawai na ce su tura bencina baya, su yi sahu biyu. Minti talatin da biyar. Mai lamba 17, wanda tun Satumba ban ji muryarsa ba, ya kawo jimla huɗu a kan jakin kakansa, uku daidai. Sun nemi a ƙara gobe. Na ce sai na duba.

Tafi ɗaya na yarda a yi, ba biyu ba. Kuma kafin a fara na rufe tagogin da ke kallon darbejiya.