Tagar da Baffa Ya Rufe

Ya sanyin idona, ruwan randata a tsakar rana, inuwar da nake gudu in fake, telar da ta ɗinke zuciyata ba tare da awo ba!

Tun da na sauka daga jirgi kin daina ɗaga wayata. Ƙanwarki ta ce kin rantse ba za ki kula ni ba sai na faɗi launin ƙyallen da kika shimfiɗa mini a rufin gidanku. Wallahi ban sani ba! Ki ji abin da ya faru tukuna, sannan ki yanke mini hukunci.

Kin tuna yammacin da muka zauna a ƙofar shagonki, jirage na wucewa ƙasa-ƙasa har gilashi yana rawa? Kika ce ranar dawowata in zauna ɓangaren dama, don ta nan jirgi ke karkata kan unguwarku kafin ya sauka, ke kuma za ki haɗa ragowar yadi ki ɗinka abin da ko mai hakiya zai hango. Na riƙe maganar nan kamar ƙwai a tafin hannu. Na zaɓi kujerar dama, jikin taga, gaban fiffike don kada ya tare mini ke.

Kwatsam sai ga Baffanki, yayan mahaifinki, wanda maganar aurenmu take hannunsa! Ashe jirgi ɗaya muka shiga, kujerarsa kuma kusa da tawa. Ya dube ni ya ce in matsa, tsoho ke zama jikin bango. Wane ni in yi musu da suruki? Na miƙe ina murmushi, raina kuwa a ɓace.

Kaico! Ko gama tashi ba mu yi ba ya ja murfin tagar ya rufe, wai rana tana kashe masa ido. Ya cire takalmi, ya cire safa. Abar ƙaunata, warin da ya tashi, kifin da ya wuni a rana ma albarka! Matar da ke gabanmu ta toshe hanci ta juyo tana hararata, ni da ban ci nanin ba nanin ta ci ni. Ya cinye abincinsa, ya cinye nawa, ya yi mini gyatsa a fuska, ya sakace haƙori da katin shiga jirgi ya goge a hannun kujera. Tir! Daga nan ya aza kai a kafaɗata, minshari kamar injin markaɗe, yawu yana bin rigar da kika ɗinka mini da hannunki.

Da jirgi ya fara karkata dama, na san kina can ƙasa kin ɗaga kai, rana tana dukanki. Na miƙa hannu a hankali zan ɗaga murfin. A daidai nan cikin Baffa ya juya. Ni na tara masa jakar amai, ni na goge masa gemu, mutanen bayanmu kuwa suna ta kiran juna su zo su ga wani rufi. Kowa ya ga aikinki sai wanda aka yi dominsa. Akwai takaicin da ya fi wannan? Ban tambaye su launin ba, don ba na son in gan ki da idon wani.

A wajen ɗaukar kaya Baffa ya ce bai taɓa ganin yaro mai ladabi irina ba, in turo magabatana. Ya miƙo mini hannun nan da bai wanke ba, na karɓa da hannu biyu, har da rusunawa. To me yardarsa za ta tsinana mini idan babu taki? Shi na jure shi, amma shirunki ya fi ƙarfina. Don Allah ki ɗaga wayar, ko zagina ne ki yi in ji muryarki.

Naki ke kaɗai har numfashi ya ƙare,
Dogonki